Wane ne Paul Mauriat, kuma me ya kai sunansa kan kaset ɗin da bai rera ko baiti ɗaya ba?

Wani matashi daga Maiurno, kusa da Sinnar a Sudan, ya aiko mini da wannan tambaya, ga ta a taƙaice: "Kawu, barka da war haka. Muna kintsa kayan mahaifinmu bayan rasuwarsa sai na tarar da kaset guda huɗu a ƙasan akwatin da ya dawo da shi daga Jidda, inda ya daɗe yana aikin ɗinki. Duka an rubuta Paul Mauriat a jiki. Na saurara, babu waƙa ko ɗaya, kiɗa ne zalla. Na duba a waya, aka ce wanda ya fi shahara a cikinsu ma ba shi ya ƙirƙira ba. To in bai rera ba, bai ƙirƙira ba, me ya yi? Ina ɗan taɓa organ a gidan biki, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai."

Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kyautata namu zuwan. Ka kawo tambayar inda ta dace, don da sana'ar mutumin nan na ci abinci kusan shekara arba'in, tun ina ɗalibi a Ma'ahadin Kiɗa da Wasan Kwaikwayo na Hartum, zamanin da malamai 'yan Koriya ta Arewa ke koya mana riƙon kamanja, wato gogen Turawa, har 2023 da yaƙi ya taso mu muka dawo Kasala. Faya-fayaina na garmaho can na baro su, har da na Paul Mauriat guda shida.

Mu fara da sunan. Bafaranshe ne, su kuwa ba sa furta harafin ƙarshen, don haka "Pol Moriya" ake cewa, Larabawa su ce Bol Moriya. Daga nan Moriya zan riƙa rubutawa, ya fi daɗi a bakin Bahaushe, kuma in mun yi nisa za ka ga sunan ya faɗa daidai.

Aikinsa shi ne abin da mawaƙan Sudan da Misira ke kira tauzi'i, mai yin sa kuma muwazzi'i. Ban yi mamaki da abin ya ɗaure maka kai ba, domin a kiɗan da muka gada babu wannan kujera. Mamman Shata shi ne mai baiti, shi ne mai kari, shi ne mai rerawa, masu kalangu da 'yan amshi suna biye da shi. Ɗan Maraya Jos ma ya fi haka, shi kaɗai ne da kuntiginsa. Kuma gangarmu magana take yi: in mai kalangu ya kaɗa take, wanda ya san taken yana jin kalmomin a kunnensa ko ba a buɗe baki ba. Shi ya sa Bahaushe in ya ji kiɗa, tambayarsa ta farko ita ce, me yake cewa? A waƙar zamani ta Omdurman an raba aikin gida uku, wannan ka sani: sha'iri ya rubuta, mulahhini ya sa kari, fannani ya rera. Muwazzi'i shi ne na huɗu, wanda ba kasafai mai gabatarwa a rediyo ke ambatarsa ba.

Tunda ɗan tela ne kai, ba sai na wahala ba. Karin waƙa yadi ne. Mai saƙa ya gama nasa, yadin yana da kyau ko ba shi da shi. Amma ba wanda ke zuwa Idi da yadi a naɗe a kafaɗa. Sai an auna, an yanka, an san inda aljihu zai zauna, an zaɓi zaren aikin wuya. Ka ba tela biyu shadda ɗaya, ɗaya ya fito da rigar da za a tambayi wa ya ɗinka, ɗayan ya fito da buhu. Muwazzi'i ana miƙa masa kari tsirara, wani lokaci mutum ne kawai ya rera masa da udu, molon Larabawa, a ɗaki, shi zai yanke daga wane mataki za a ɗauke shi, da wane sauri, wane kayan kiɗa zai riƙe karin, me sauran za su yi a ƙarƙashinsa, yaya za a shiga, ina za a numfasa, yaya za a fita. Sai ya zauna ya rubuta wa kowane makaɗi nota tasa, layi bisa layi, mai kamanja daban, mai bes daban, mai busa daban. A Paris ta zamanin Moriya makaɗan situdiyo ba sa ganin takardar sai ranar ɗauka. Su zauna, su karanta, su buga. Kuskuren da ke kan takarda kuskuren muwazzi'i ne, kuma mutum talatin ko arba'in ne za su buga masa shi a fuska lokaci guda, agogon situdiyo yana cin kuɗi.

An haife shi ranar 4 ga Maris 1925 a Marseille, birnin tashar jiragen ruwa a kudancin Faransa. Mahaifinsa ma'aikacin gidan waya ne mai son kiɗa, shi ya ɗora shi a kan fiyano tun yana ƙarami ƙwarai. Yana ɗan shekara 10 ya shiga makarantar kiɗa ta birnin, inda ake horar da yara a kan kiɗan gargajiyar Turai. Sai jaz ya ja hankalinsa. Yana da shekara 17, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya kafa ƙungiyarsa ta kiɗan rawa. Waɗannan makarantu biyu, ta takarda da ta dandali, su ne Moriya gaba ɗayansa, kuma duk wanda ya rasa ɗaya a cikinsu tauzi'insa yana ɗingishi. Na ga masu takardar shaida da ba su san lokacin da masu rawa suka gaji ba, na ga gwanayen biki da ba za su iya rubuta wa mutum biyu abin da za su buga tare ba.

A shekarun 1950 ya koma Paris ya shiga aikin bayan fage, yana shirya wa mawaƙa kiɗa yana jagorantar makaɗansu. Wanda ya fi daɗewa da shi Charles Aznavour ne, ya yi masa tauzi'in waƙoƙi sama da ɗari. Wanda ya san muryar Aznavour ya san ba ƙaramin awo take buƙata ba: murya ce mai ɗan dishi-dishi, ƙarfinta a furucin kalma yake, kamar mai ba da labari. In ka jibga mata kamanja ashirin a kai ta nutse, in ka bar ta ita kaɗai ta yi tsirara. Shekarun da ya yi yana auna irin wannan murya su suka koya masa abin da ya ci da shi daga baya, wato sanin inda za a yi shiru.

A wannan zamanin yana fitar da faya-fayai da sunayen aro, kowane irin kiɗa da sunan da ya dace da shi: Richard Audrey, Nico Papadopoulos, Eduardo Ruo, Willy Twist. Kasuwa ce, mai sayen kiɗan Girka ya fi yarda da sunan Bagirke. A nan ne abin dariyar rayuwarsa yake. Ka ce an gaya maka bai ƙirƙiri kiɗan da ya fi shahara da shi ba, gaskiya ne. Amma akwai wanda ya ƙirƙira da hannunsa ya zagaye duniya, sunansa kuwa ba ya jiki. Shi da Franck Pourcel, wani ɗan Marseille da ya girme shi da shekara 12, suka haɗa wani kari mai suna "Chariot", Moriya ya sa hannu da sunan Del Roma, Pourcel da sunan J. W. Stole. Petula Clark ta rera shi da Faransanci a 1962. A 1963 aka sa masa baitocin Ingilishi, wata yarinya 'yar shekara 15, Little Peggy March, ta rera shi da sunan "I Will Follow Him", ya hau matsayi na ɗaya a Amurka. A 1992 fim ɗin Sister Act ya sake tayar da shi. Miliyoyin mutane sun iya karin nan, kaɗan ne suka san na Moriya ne. Ya kuma yi kiɗan wasu finafinan barkwanci na Louis de Funès tare da abokinsa Raymond Lefèvre, ya sa wa Mireille Mathieu karin "Mon credo" a 1966, waƙar da ta fito da ita. Don haka mulahhini ne shi ma, sai dai ba ta wannan ƙofa arzikinsa ya shigo ba.

A 1965 ya kafa babbar ƙungiyar makaɗa da sunansa na gaskiya, ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Philips. Tsarin aikin mai sauƙin faɗa ne: a ɗauko waƙoƙin da ake yayi a wannan shekara, na Faransa da na Ingila da na Amurka da na Italiya, a cire muryar, a sake ɗinka su da makaɗa, a cika faifai. Ba shi kaɗai ke wannan sana'a ba. Pourcel da Lefèvre da Caravelli suna yi a Faransa, James Last da Bert Kaempfert a Jamus, Mantovani a Ingila, Percy Faith da Ray Conniff a Amurka. Kowa da hannunsa, kamar yadda kake gane ɗinkin wani shago tun daga nesa.

Sai 1967. A watan Afrilu aka yi gasar waƙa ta Eurovision a Vienna, wata yarinya Bagirkiya mai shekara 17, Vicky Leandros, ta wakilci Luxembourg da waƙar "L'amour est bleu", karin André Popp, baitocin Pierre Cour. Ta zo ta huɗu. Waƙar da ta zo ta huɗu a gasa yawanci ta gama yawonta ke nan. Moriya ya ɗauke ta ya sa a cikin wani faifansa na wannan shekarar, ɗaya daga cikin kiɗe-kiɗen da ke ciki. A Amurka aka fitar da ita da sunan "Love Is Blue", a watan Fabrairun 1968 ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe, ta zauna mako biyar, babban faifan da ke ɗauke da ita shi ma ya yi mako biyar a sama. Shi ne Bafaranshe na farko da ya hau wannan matsayi, kuma rabon da kiɗa marar waƙa ya hau tun "Telstar" a ƙarshen 1962. A lissafin shekarar gaba ɗaya, waƙar Beatles guda ɗaya ce kawai ta sha gabansa. Ka tuna wace shekara ce 1968: zamanin jita mai ƙara da samari masu dogon gashi. Ga wani mai gashin baki sanye da kwat, ɗan shekara 42, da kiɗan wajen minti biyu da rabi.

Yanzu ga amsar tambayarka ta ainihi. In "Love Is Blue" tana cikin kaset ɗinka, kuma da wuya a ce babu, sa ta ka saurara da ni.

Abin da zai fara kama kunnenka wani sauti ne siriri mai ƙyalli, kamar ana tsinkar waya. Ba fiyano ba ne. Sunansa hafsikod, kakan fiyano ne, kayan fadar sarakunan Turai na shekaru ɗari uku da suka wuce. Fiyano guduma ce ke dukan tsirkiya, shi kuwa wannan tsinkar ta ake yi, kamar ƙanun na Larabawa ko molo. Saboda haka yana da halaye biyu: sautinsa yana mutuwa nan da nan, kuma ko ka danna da ƙarfi ko a hankali kusan ɗaya ne. A zauren kiɗa, ganguna da kamanja za su haɗiye shi. A situdiyo kuwa ana kusanto masa da makirfo har ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da makaɗa arba'in. Moriya ya gane situdiyo ma kayan kiɗa ne. Ya ɗauki abin da ya fi kowa rauni ya ba shi karin, ya sa gangunan zamani da bes na lantarki a ƙasa, irin waɗanda matasan lokacin ke rawa da su, sannan ya shimfiɗa kamanja a tsakani. Kamanja tana jan sauti ba ya yankewa, hafsikod yana ɗiga shi ɗigo-ɗigo. Dogon zare da ƙananan ɗinki, aikin wuyan riga ke nan.

Na biyu, lura da inda kiɗan ke buɗewa. Farkon karin yana kan abin da mu muke kira nahawand, mai ɗan duhu da kewa. A tsakiya sai ya juya zuwa ajam, mai haske. Wannan juyi na Popp ne, yana cikin waƙar tun asali. Abin da Moriya ya yi shi ne ya riƙe ƙarfin makaɗansa, bai sake su duka ba sai a daidai wannan gaɓa, sai ka ji kamar an buɗe taga. Sabon muwazzi'i yakan zuba duk abin da yake da shi a daƙiƙa goma na farko, in an zo inda ake buƙatar ƙari sai a tarar aljihu wayam. Ni ma na yi. Tauzi'ina na farko a Ma'ahad, malamin ya karɓi takardar ya ɗauki fensir ya soke kusan rabin abin da na kwana uku ina rubutawa, bai ce mini komai ba, ya ce a buga. Aka buga, ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba. Na yi kwana biyu ba na gaishe shi da sakin fuska.

Na uku shi ne mafi wuya, kuma shi ne ainihin gwanintar masu wannan sana'a. Waƙa tana maimaita kari ɗaya sau uku, sau huɗu, ba ka gajiya, saboda baitocin suna canzawa, labari yana tafiya. Cire baitocin ka gani: abu ɗaya ne ake ta nanatawa. Dole wani abu ya maye gurbin labarin. Moriya yana yin haka da launi. Duk dawowar kari sai ya canza masa mai ɗauka, ko ya ɗaga shi sama, ko ya saƙa wani ƙaramin kari na biyu a bayansa yana ba shi amsa, kamar 'yan amshin da ba su maimaita abin da mawaƙi ya faɗa, nasu suke kawowa. Wannan kari na biyu ba ya cikin abin da mulahhini ya rubuta. Ƙirƙira ce tsantsa, sai dai an ɓoye ta a ƙarƙashin ta wani. In kana son ka san muwazzi'i, rabu da karin da kowa ke bi da baki, ka kasa kunne ga abin da ke faruwa a bayansa.

Batun kuɗi fa? A dokar haƙƙin mallaka ta Turai, mai kari da mai baiti su ne masu waƙa. A Faransa akwai ƙungiyar SACEM tun 1851, tana karɓar musu kuɗi duk inda aka sa waƙar. Don haka nasarar Moriya ta cika aljihun Popp da Cour, kuma halal ɗinsu ne. Muwazzi'in da ya yi wa mawaƙi aiki kuwa yawanci ladan aikinsa ake biyansa sau ɗaya, a sallame shi, waƙar ta shekara hamsin ana jin ta. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Dabarar Moriya da takwarorinsa ita ce sun fito daga bayan labule sun sa sunansu a gaban faifai a matsayin masu ƙungiya, suna da kaso a cinikin faifan. Abin da ya kai sunansa kan kaset ɗin mahaifinka ke nan. Ka kwatanta da yaron da ke zaune gaban fiyano da kwamfuta a situdiyon Kano yau: mawaƙi ya zo da kari a baki, shi ya gina duk abin da ke ƙasa, waƙa ta fita ta karaɗe gari, sai dai in mawaƙin ya ga dama ya ambace shi a baitin ƙarshe.

Ba zan ɓoye maka aibin wannan kiɗa ba. Turawa sun sa masa suna mai nufin kiɗan da ba ya wahalar da mai saurare, masu raina shi kuma suna ce masa kiɗan lif da na zauren otal. Akwai gaskiya a ciki. Mutumin da ke fitar da faifai fiye da ɗaya kowace shekara, shekara da shekaru, ba zai yiwu duka su zama gwaninta ba. Da yawa ɗinkin kasuwa ne, mai tsabta, ba zare a waje, amma ba ka tuna shi gobe. Na zamanin disko wasu sun yi daɗi wasu sun tsufa da wuri, kuma a kunnena, da kayan lantarki suka fara yawa a faya-fayansa na baya-baya, wani ɗumi ya ragu. Akwai kuma waƙoƙin da bai kamata a raba su da baitinsu ba, don zafinsu a kalmar yake. In aka cire aka sa kamanja sai su zama shayi ba ganye. Amma sauƙin saurare ba ya nufin sauƙin yi. Rigar da ba ta matse ka ko'ina ita ta fi cin lokacin tela.

Mutanenmu kuma ba kowa ke karɓarsa ba. Wata shekara a wani biki a Gadarif, kafin fannani ya iso, na ce bari in cika wurin da wannan kiɗa a organ. Na yi iya yina. Da na gama, wata tsohuwa da ke zaune kusa da sifika ta ce, "Ɗan nan, ka gama gyaran na'urar? To a fara mana." Ba ta yi laifi ba. A wurinta kiɗan da bai ce komai ba share fage ne.

Wannan rashin magana kuwa shi ya ba shi fasfo. Waƙar Faransanci tana tsayawa inda Faransanci ya tsaya, kiɗa zalla ba mai tambayarsa biza. Japan ta karɓe shi fiye da ƙasarsa: ya fara zuwa a 1969, ya yi ta komawa kusan shekara talatin, har yau in mai wasan dabo zai fito da kurciya daga hula a can, tauzi'insa na "El Bimbo" ne ke zuwa a ran mutane. A Tarayyar Sobiyet wani shahararren shirin talabijin na namun daji da kiɗansa yake buɗewa. Gidajen rediyo da talabijin a ƙasashe da yawa sun sami abin cike gibi tsakanin shiri da shiri, abin da muke kira fasil, wanda ba ya ɓata wa kowa rai kuma ba ya buƙatar fassara. Shi ya sa mutane da yawa sun san kiɗansa sarai ba su taɓa jin sunansa ba. Kaset ɗin kansa, kamfanin Philips da ke fitar da faya-fayansa ne ya ƙirƙiro shi a 1963, kuma shi ya kai irin wannan kiɗa shagunan Jidda, daga nan ya hau jirgi da alhazai da ma'aikata zuwa Bur Sudan. Ina iya ganin abin da tela zai so a ciki. Mai aiki da awo ba ya son baitin da zai ɗauke masa hankali, kuma ƙarar keke ba ta hana jin kamanja.

Ya yi wasansa na ban kwana a Osaka a 1998, ƙungiyar ta ci gaba da yawo a ƙarƙashin mai fiyanonsa Gilles Gambus. Ya rasu ranar 3 ga Nuwamba 2006 a Perpignan, kudancin Faransa, yana da shekara 81. In kana son jin inda shi ne mai yadi kuma shi ne tela, nemi "Nocturne" da "Minuetto", nasa ne. "Toccata" da ake yawan jingina masa karin Gaston Rolland ne, "Penelope" kuma na Augusto Algueró ɗan Sifen.

Saura kai da organ ɗinka. Kada ka kwashi akod ɗin Moriya, wato sautukan da ake dannawa tare a ƙarƙashin kari, ka jibga wa waƙoƙinmu yadda suke. Karin Sudan, da mafi yawan na Hausa, a kan sullamin khumasi yake tafiya, matakai biyar, nasa kuwa bakwai ne. Akod ɗin Turai da hannun hagunka ya saba dannawa yana ɗauke da matakai biyun nan da karinmu ya tsallake, in ka cusa su ko'ina sai waƙar ta fara wari irin na baƙo. Wannan ciwo ya yi yawa a bukukuwa tun da organ ya kori ƙungiyar makaɗa: a danna maɓallin ganga, hannun hagu ya yi ta zagaye akod uku har asuba. Abin ɗauka a wurin Moriya shi ne tunanin. Wa zai ɗauki kari a zagaye na farko, wa zai karɓa a na biyu, me zan ajiye sai tsakiya, ina zan yi shiru in bar fannani shi kaɗai da tafi. Organ ɗinka yana da sauti ɗari biyu, biyu ko uku sun ishe ka a waƙa ɗaya.

Kuma ba sai ka je Paris neman misali ba. Nemi "Al-Wudd" ta mawaƙin Sudan Muhammad Wardi, wadda Andre Ryder, Bagirken Misira da ya yi wa manyan mawaƙan Alƙahira aiki, ya yi wa tauzi'i. Saurari yadda baƙon hannu ya yi wa karin khumasi riga ba tare da ya canza masa kama ba, ka kwatanta da sauran waƙoƙin Wardi na wannan zamani da makaɗan rediyo ke bin kari da murya ɗaya. Saurari abin da Bashir Abbas ya yi wa Balabil, 'yan uwa mata uku mawaƙa, da busar Hafiz Abdurrahman, wanda ya nuna cewa 'yan Sudan ma suna zama su ji kiɗa ba waƙa in an iya shi. Sannan ka koma can baya ga tamu, A'isha Falatiya, da ta shiga Rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940, ka ji yadda kayan kiɗa kaɗan suke ɗauke da muryarta. In ka jera waɗannan a kunne, ka yi karatun tauzi'i na shekara guda ba ka biya ko fam ɗaya ba.

Ga yadda nake sa ɗalibaina su saurari kowane kiɗa, ka gwada da kaset ɗin nan. Sau uku. Na farko ka bi kari kamar kowa. Na biyu ka toshe kunnenka daga kari ka bi bes kaɗai, daga farko har ƙarshe; zai yi maka wuya, sai ka yi ta ɓacewa kana dawowa. Na uku ka bi kamanja a lokacin da ba su ne ke riƙe da kari ba. Ka riƙe takarda ka rubuta duk inda wani sabon abu ya shigo ko ya fita.

Game da kaset ɗin kansu, hattara biyu. Yawancin na kasuwar wancan zamani gurzawa ake yi ba izini, mai gurzawa kuma yakan cike ragowar zare da duk abin da ke kusa, don haka kada ka yi mamaki in ka tarar da Pourcel ko James Last, ko fiyanon Richard Clayderman, a ƙarƙashin sunan Moriya. Manhajar Shazam tana gane mafi yawansu in ka kara waya a sifika. Sannan zaren da ya shekara talatin ko arba'in a akwati cikin zafin Sinnar yakan manne. Kafin ka sake sawa, zura biro a ramin ka juya shi a hankali daga farko har ƙarshe, ka duba ɗan audugar da ke ƙarƙashin zaren ko tana nan, ka goge kan rikodar da auduga da ɗan sibirto. Kada ka sa su a rikodar mota. Juyi na farko da suka tafi lafiya, ka ɗauke su a waya, har da takardar jikin, gaba da baya. In mahaifinka ya yi wani rubutu a kai, ko alama a gefen wani kiɗa, turo mini hoton in gaya maka wanne ne.